Ɗan Yatsa a Zaure

Maharazu yana cikin ɗaure wa wani manomi ledar irin masara wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Bai ɗaga ba. Ya san matarsa Lauratu ce, kuma yana ganin ya san abin da za ta faɗa. Sai da mutumin ya saɓi kayansa ya fita daga shagon, sannan ya zaro wayar ya sauke ta ƙarƙashin teburi, inda maƙwabcinsa mai sayar da fartanyu ba zai hango ba. Ya buɗe manhajar, hoton makunni ya bayyana kore shar. Ya sa babban yatsa ya danna. Koren ya koma ruwan toka.

A daidai lokacin, can gidansa da ke gefen garin Ƙanƙara, wata 'yar na'ura da ba ta wuce kwalin ashana ba, wadda aka manne a jikin makunnin injin ruwa cikin zaure, ta miƙo wani ɗan farin yatsa na roba, ta danna makunnin, ta mayar da yatsan ciki. Injin da ke ƙasan rijiya ya yi shiru. Maharazu bai ga wannan ba, amma ya san shi kamar yana tsaye a wurin. Ruwan tanki zai yi ta sauka har ya wuce bakin bututun famfon waje, wanda aka fitar daga tsakiyar tankin. Daga nan famfon waje zai tsiyaye ya ƙafe. Na cikin gida kuwa daga gindin tankin yake, shi ba ya yankewa.

Bayan rasuwar mahaifinsa Alhaji Gide ne ya haƙa rijiyar burtsatsen, ya sa mata sola, ya fitar da famfo guda ƙofar gida da niyyar ladan ya je wa tsohon. A lokacin 'yan unguwa ne kaɗai ke ɗiba, su ma da safe ne kafin yara su tafi makaranta. Liman ya ambaci sunansa a masallaci, dattawa suka riƙa tsayar da shi a hanya suna sa masa albarka. Ya ji daɗin wannan fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa.

Sai mutanen ƙauyuka suka fara shigowa gari, waɗanda 'yan bindiga suka taso daga yankin Faskari da Sabuwa. Suka cika kangwaye da shagunan da ba a gama ginawa ba. Layin jarkoki a ƙofar gidan Maharazu ya miƙe har ya sha kwana. A bazarar bara injin ya ƙone, gidan ya yi kwanaki ana sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Mai gyara ya gaya masa gaskiya: idan zafi ya tsananta ruwan ƙasa yana ja baya, in aka bar injin yana ja ba hutu zai sake ƙonewa. Ga katangar gidan ta fara jiƙa daga gindi saboda caɓalin da ake yi.

Abin da ya kamata ya yi a fili yake: ya fito ya ce da mutane ga lokacin ɗiba, ga lokacin da injin zai huta. Ya taɓa gwadawa. Ya fito da safe ya tsaya gaban layin, ya yi gyaran murya, sai wata mata ta ɗaga hannu sama ta ce, "Allah ya jiƙan Alhaji Gide, Allah ya haskaka kabarinshi." Duk layin ya amsa da amin. Shi ma ya ce amin, ya hau babur ɗinsa ya tafi kasuwa.

Abokinsa Adnan, mai haɗa sola a Funtua, shi ya kawo masa na'urar. Ya manna ɗaya a makunnin fitilar tsakar gida, ɗaya a na injin ruwa, ya haɗa su da ɗan akwatin intanet da ke falo, ya nuna masa yadda zai danna daga ko'ina yake. Dalilin farko mai kyau ne: tankin yana cika ya yi ambaliya in Lauratu ta fita unguwa. Amma ba a jima ba Maharazu ya gano wani amfanin. Da rana ta take, yana zaune a shagonsa cikin buhunan taki da kwalaben maganin feshi, sai ya danna. Da aka tambaye shi, ya ce injin ne ke kashe kansa idan ya ɗauki zafi. Maganar ta fito masa da sauƙi, kowa kuma ya yarda, don kowa ya ga lokacin da injin ya ƙone.

Ya mayar da wayar aljihu ke nan Mas'udu ya yi sallama. Manomi ne daga 'Yankara, duk shekara wurinsa yake sayen maganin ciyawa kafin ruwan farko ya sauka. Suka gaisa, suka tambayi juna iyali da hanya. Mas'udu ya zauna kan buhun taki yana goge gumi da hularsa.

"Alhaji, ashe kai ne mai famfon nan na kusa da kangon jan bulo? Sai yau na sani."

"Na marigayi Baba ne," in ji Maharazu.

"To Allah ya kai ladan gare shi. Gwaggona tana zaune a kangon nan, Hajaratu. Daga wajen Sabuwa suka taso, ita da ɗiyarta Najiba. Daga can nike yanzu, na kai masu ɗan gero. Yarinyar ta haihu, ko suna ba a yi ba."

"Allah ya raya. Uban yaron fa?"

Mas'udu ya girgiza kai. "A gona aka ɗauke shi tun kaka. Har yau shiru."

Maharazu ya yi salati. Ya ɗauko kwalba ya fara goge ƙurar da ke jikinta, ko da yake ba ita Mas'udu ya nema ba.

"Ka san ruwan jego," Mas'udu ya ci gaba, "safe da yamma, tukunya guda ba ta isa. Ba don famfonka ba ban san yadda tsohuwar nan za ta yi ba. Sai dai injin naka ne ba ya da lafiya, ko? Sun ce zafi yake ɗauka." Ya yi 'yar dariya. "Ai sun samo mashi magani. Matan sun yi mashi rumfa. Ita kuma Gwaggo tana zama tana yi mashi fifita."

"Fifita?"

"Wallahi. Da faifai. Na ce mata Gwaggo wannan fa ba jariri ba ne, ta ce in rufe mata baki, ranar da ta yi da kyau yana daɗewa bai mutu ba."

Maharazu ya tuna akwai ranakun da ciniki ya ɗauke masa hankali ya manta bai danna da wuri ba. Waɗannan ne ranakun da tsohuwar ta yi da kyau.

Ya sallami Mas'udu a gaggauce, ya zaro wayar. A wannan karon bai ma sauke ta ƙasan teburi ba. Ya danna hoton makunnin. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a fuskar wayar, ya yi ta juyawa, sannan ya tsaya ba tare da launin ya canza ba. Ya fita bakin shago ya ɗaga wayar sama. Sabis ya ɗauke, kamar yadda yake yi a garin ba sallama. Ya sake dannawa, ya sake, zoben nan dai.

"Malam, ka duba mani shago," ya ce da mai fartanyu. "Zan leƙa gida."

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau."

Ya daɗe rabonsa da ganin ƙofar gidansa da tsakar rana. Yana fita tun da sanyin safiya, ba ya dawowa sai bayan la'asar, lokacin da layin ya watse. Yanzu da ya shawo kwanar sai ya rage gudu ba tare da ya yi niyya ba. Jarkoki ruwan ɗorawa a jere, da bokitai da tukwane, kowanne an ɗora masa dutse ko takalmi don a gane mai shi. Matan sun tattaru a ƙarƙashin bishiyar bedi ta maƙwabci, inuwar ba ta ishe su ba, wasu sun rufe kawunan 'ya'yansu da gefen mayafi. Famfon yana ɗiga kaɗan-kaɗan cikin wani kwano.

A gefen katanga, inda bakin rijiyar yake, ga rumfa nan. An kafa itatuwa huɗu masu gwafa, an ɗora sabuwar zana, an ɗaure da tsummokara. A kan murfin rijiyar an shimfiɗa wani buhu jiƙaƙƙe. Ya tsaya yana kallon buhun. Ruwan da aka jiƙa shi da shi daga jarkar wata ya fito.

"Sannu da zuwa, Alhaji."

"Alhaji sannu da rana."

"Ya jikin injin namu, Alhaji?"

Ya amsa gaisuwar kansa a ƙasa, ya jingine babur ya shige zaure.

Daga hasken rana zuwa duhun zauren sai da idonsa ya ɗauki lokaci kafin ya ga tsohuwar. Tana zaune kan wani bulo da ta jawo gindin bango, ƙaramar tsohuwa baƙa, zanenta ya koɗe. Akwatin makunnin yana saman kanta, don haka sai ta ɗaga hannu sama take kaɗa faifan. Ta tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun. An ɗaure wuyan hannun da wani ƙyalle.

Maharazu ya durƙusa. "Inna, ina wuni."

"Lahiya lau, ɗana. Kai ne mai gidan?" Ba ta daina fifitar ba. "Ka yi haƙuri na shigo maka zaure. Uwargida ce ta ba ni izini. Ta ce kada dai in sa mashi ruwa, wai wuta ce."

"Ba komai, Inna."

"Yau ya riga ni. Na tsaya ɗora ma yarinya ruwa, kahin in iso ya ɗauki zahi. Ina shigowa na ga ɗan yatsan ya hito ya taɓa, shi ke nan." Ta nuna na'urar da haɓa. "Ai na gane shi yanzu. Wanga ɗan abu shi ne mai jin zahin. In abin ya ishe shi sai ya miƙo hannu ya kashe. Ba laihinshi ba ne, kowa ya san ranar bana."

Maharazu ya dubi na'urar. Fara ce tas, gam ɗin da aka manne ta da shi ya ɗan tsattsafo ta gefe. Ya tuna ranar da Adnan ya kawo ta, yadda suka yi ta dannawa daga tsakar gida suna dariya kamar yara.

A nan kusa ba ya bukatar sabis, wayar tana kama na'urar kai tsaye. Ya san zai iya miƙewa ya sa hannu ya kunna makunnin a gaban tsohuwar. Amma in ya yi haka za ta tambaye shi, ko ta yi shiru ta dube shi, kuma bai san wanda ya fi muni ba. Ya zaro wayar kamar mai duba saƙo, ya ɗan juya mata baya, ya danna.

Ɗan yatsan ya fito da 'yar ƙara, ya danna, ya koma. Can ƙasa injin ya ɗauka, ba da jimawa ba aka ji ruwa yana faɗawa cikin tanki.

"Alhamdu lillahi!" Tsohuwar ta washe baki, haƙoranta biyu suka bayyana. "Ka gani ko? Ka gani da idonka! Ya huce."

A waje wata ta rangaɗa guɗa. Aka fara jan jarkoki, yara suna ihu. Wata mata doguwa mai goyo ta leƙo zauren, ta rusuna wa Maharazu, sannan ta juya ga tsohuwar.

"Inna Hajara, hannunki da albarka! Yau tun kahin azahar ya dawo."

"Ke dai Suwaibatu, ki tura mani jarkata gaba in layi ya zo. Ni ba ni tashi, kada ya sake."

"Ki kawo in karɓe ki, hannun nan naki ya kumbura."

"Ke da goyo? Tahi abinki. Ni na san yadda yake so."

Ta sauya hannu, ta ci gaba. Maharazu ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya shige cikin gida.

Lauratu tana bakin murhun gawayi tana juya miya. Ta ɗago ta gan shi, ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma ce masa sannu da zuwa ba. A gefenta babban baho ne cike da ruwa, 'yarsu Hamida ta bar 'yar tsanarta tana iyo a ciki kafin ta tafi makaranta.

"Me ya sa ba ki gaya mani ba?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Me zan gaya maka?"

"Tsohuwar nan. Da rumfar."

"Rumfar tana nan kwana da kwanaki, Baban Hamida. Ta gefenta kake wucewa safe da yamma." Ta rufe tukunyar. "Ɗazu na kira ka in ce ka bar shi yau saboda mai jego. Ba ka ɗaga ba. Ina ajiye waya na ji ya mutu."

Ya zauna kan turmi da aka kifa. "Kin san ba mugunta ba ce. Kin ji abin da mai gyara ya ce. In ya sake ƙonewa mu da su duk mun rasa."

"Na sani. Ban ce kada injin ya huta ba."

"To?"

Ta juyo ta fuskance shi sosai. Lauratu ba mai ɗaga murya ba ce, yanzun ma ba ta ɗaga ba, shi ya sa kowace kalma ta shige shi.

"Kai kana kasuwa kana danna waya, ba wanda ke ganin fuskarka. Ni ce a gida. Ni suke yi wa sallama su ce, uwargida, ya mutu ne? In ce masu e, zafi ya ɗauka. Da bakina nake faɗa, kullum. Ranar da tsohuwar nan ta zo ta ce in ba ta aron faifai, na tsaya ina kallonta, sa'ar Innata ce. Na shiga ɗaki na ɗauko na ba ta. Faifaina ne a hannunta. Na rasa yadda zan hana ta ba tare da na ce mijina maƙaryaci ne ba."

Kalmar ta tsaya a tsakaninsu. Bai taɓa jin ta daga bakinta ba. Ya jira ransa ya ɓaci, don ɓacin rai zai fi masa sauƙi, amma bai zo ba.

"Da kin faɗa mani," ya ce, shi kansa ya ji raunin maganar.

"Na fara, ranar Juma'a. Ka ce ka gaji, maganar ruwa ta ishe ka." Ta ɗauki ludayi ta ajiye. "In tsohuwar za ta tafi da la'asar ina cika mata jarka daga famfon ciki, ina miƙa mata ta ƙofar baya. Ka ga ni ma na koyi ɓoye-ɓoyen."

Daga waje ana jin ƙarar ruwa yana dukan gindin jarka, da hayaniyar mata suna gardamar layi. A ƙarƙashin wannan duka, in ya kasa kunne, yana jin faifan yana kaɗawa a zaure, fat, fat, fat.

Ya fara lissafin hanyoyin fita, don kansa ya saba da haka. Zai iya cewa ya kira mai gyara an sa wa injin wani abu, yanzu ba ya ɗaukar zafi sai dai yana bukatar hutu. Zai iya ɓalle na'urar ya jefa a aljihu, gobe ya ce ta lalace. Zai iya barin injin ya yi ta aiki har ya ƙone, kowa ya ga ba laifinsa. Kowace hanya ya bi sai ya ga ta ƙare a bakin Lauratu, tana tsaye a ƙofa tana maimaita wa mata abin da ya shirya.

"Ka ci abinci?" ta tambaye shi.

"A'a."

"In zuba maka?"

"Bari in dawo."

Ya koma zaure. Tsohuwar ta jingina kanta da bango, idanunta a lumshe, amma hannun bai tsaya ba. Gumi ya jiƙa wuyan rigarta. Ya durƙusa a gabanta kamar ɗazu, ya sa hannu biyu ya riƙe bakin faifan. Ta buɗe ido.

"Inna, ki huta."

"A'a ɗana, yanzu ne rana ta ke tsaka."

"Inna, injin ba ya ɗaukar zafi."

Ta dube shi, ba ta gane ba. Ya zaro wayar ya riƙe ta yadda za ta gani. Ya danna. Ɗan yatsan ya fito ya kashe makunnin, ƙarar ruwan tanki ta yanke. Ya sake dannawa, yatsan ya fito ya kunna.

"Ni ne," ya ce. "Daga kasuwa nake yi. Injin yana bukatar hutu da rana, wannan gaskiya ne, in ba haka ba zai ƙone. Amma ba shi ke kashe kanshi ba. Ni ne na kasa fitowa in gaya maku."

Tsohuwar ta dubi wayar, ta ɗaga kai ta dubi na'urar, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sauke hannunta a hankali, kamar hannun ba nata ba ne, ta ɗora kan cinya. Da ɗaya hannun ta fara murza wuyansa ta saman ƙyallen.

"Ranakun da ya daɗe bai mutu ba fa?"

"Mantawa na yi."

"Uhm," in ji ta.

Ya so ta zage shi. Ya so ta ce Allah ya isa, ko ta tashi ta fita ta tara masa jama'a. Ta zauna kawai tana murza hannu. Wata kaza ta shigo zauren ta leƙa ta fita.

"Ina ta yi mashi magana," ta ce can, kamar da kanta take. "Ina ce mashi ya daure, akwai mai jego."

"Ki yafe mani, Inna."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ɗauki faifan ta kaɗe shi a gwiwa, ta duba bakinsa inda ya fara warwarewa, ta miƙa masa.

"Ka mayar ma uwargida. Ka ce na gode." Ta dafa bango za ta tashi, ya miƙa hannu zai taimaka mata, ta tashi da kanta. "Ruwan naka ne, ɗana. Mu da muka baro rijiyarmu ba mu da ta cewa. Da ka ce mana ku zo da sahe, ku zo da marece, da mun zo. Mun saba a gaya mana."

Ta gyara ɗaurin zanenta, ta nufi ƙofa. A bakin ƙofar ta tsaya, hasken rana ya zagaye ta, bai iya ganin fuskarta ba.

"Su Suwaibatu sun yi shawara gobe su tahi bayan gari yankan gamba, wai zana guda ba ta isa, a yi ma tankin ma rumfa. Ka san bayan gari yadda yake yanzu. Kai za ka gaya masu, ko ni?"

Maharazu ya dubi faifan da ke hannunsa. Ya jingina shi da bango, ya ɗora wayar a kan bulon da ta tashi daga kai.

"Ni zan faɗa."

Ta matsa gefe ta ba shi hanya. Ya fita cikin ranar, ba hula mai kare fuska, ba babur da zai hau. Matan da ke kusa da famfo suka gan shi suka fara yin shiru, shirun ya bi layin har kwana. Suwaibatu ta gyara goyonta ta yi masa murmushi.

"Alhaji, sannu da ƙoƙari. Allah ya jiƙan..."

"Dakata tukuna," ya ce da ita. "Ku matso kusa, ina da magana."